Yadda Ake Warware Hukuncin CCJ Kafin Neman Bashin Sayen Gida a Ingila

'Yan uwa mazauna Ingila sun sha turo tambaya a kan yadda za su yi da hukuncin CCJ kafin neman bashin sayen gida, kuma kusan kullum sigarta ɗaya. Mutum ya yi shekaru yana tara kuɗin kafin alƙalami, ya ga gidan da ya kwanta masa a Manchester ko Birmingham, ya je banki neman bashin sayen gida, sai a ce masa akwai CCJ a kan sunansa. Wani ya san da bashin, ya yi ta ɗaga biya har aka kai shi kotu. Wani kuwa ranar ya fara jin labarin.

CCJ, wato County Court Judgment, hukunci ne na kotun ƙararrakin kuɗi a Ingila da Wales, wanda ke cewa ana bin ka kaza kuma dole ka biya. Da zarar an yanke shi, ana shigar da shi rajistar hukunce-hukunce da Registry Trust ke riƙe wa gwamnati, daga nan ya faɗa cikin rahoton tarihin bashinka, ya zauna shekara 6. Scotland da Ireland ta Arewa suna da nasu tsarin daban, don haka abin da ke ƙasa na mazauna Ingila da Wales ne. Kuɗaɗen kotu kuma suna sauyawa, sai ka duba shafin gwamnati na GOV.UK ranar da za ka biya.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ke cutar mutanenmu a wannan harka shi ne ɓoyewa da gaggawa, da yin mataki na bakwai kafin na biyu.

1. Dakatar da neman bashin tukuna

Idan banki ɗaya ya ƙi ka, kada ka wuce na gaba. Duk cikakkiyar buƙatar bashi da ka shigar, bankin na yin bincike mai barin sawu a rahotonka, kuma sauran bankuna na ganin wannan sawun har kusan shekara guda. Wanda ya buga ƙofa huɗu cikin wata ɗaya ya ƙara wa kansa tabo a kan tabo. Haka nan kada ka biya kuɗin duba lafiyar gini ko na lauya a kan gidan da ba ka da tabbacin samun kuɗinsa, domin waɗannan ba sa dawowa.

2. Nemo hukuncin, ka karanta shi da idonka

Akwai wurare biyu da za ka duba, kuma ka duba duka biyun.

Na farko shi ne kamfanoni uku masu ajiye tarihin bashi: Experian, Equifax da TransUnion. Doka ta ba ka damar karɓar rahotonka daga kowannensu kyauta. Karɓi ukun, saboda ba lallai abin da ke wajen ɗaya ya zama yana wajen ɗayan ba, kuma ba ka san wanda bankinka zai tambaya ba. Duba rahoton kanka ba ya rage maka komai.

Na biyu shi ne shafin TrustOnline, inda ake binciken rajistar kanta. Kowane bincike na cin tsakanin fam 6 zuwa 10. Ana bincike ne da suna da adireshi, don haka ka zauna ka rubuta duk gidajen da ka taɓa zama cikin shekara 6, har da ɗakin da ka kama lokacin karatu da gidan ɗan uwan da ka sauka farkon zuwanka. Yawancin hukuncin da mutum bai san da shi ba a tsohon adireshi yake kwance.

Ka fitar da abu huɗu ka rubuta a takarda: ranar da aka yanke hukuncin, lambar ƙarar, sunan kotun, da adadin kuɗin. Idan ba ka ga sunan wanda ya kai ƙarar ba, kira kotun ko ka aika mata imel da lambar ƙarar, ka nemi sunansa, da adireshin da aka aika takardun, da bayanin abin da ake bin ka. Mafi yawan irin waɗannan ƙararraki suna fitowa ne daga cibiyar da ke Northampton, wadda yanzu ake kira Civil National Business Centre, ko da kuwa ba ka taɓa taka garin ba. Layinsu na cika, sai ka kira da sassafe.

Hattara: ka tabbata hukuncin naka ne. Sunayenmu na maimaituwa, kuma rubutunsu na bambanta daga takarda zuwa takarda, yau Muhammad, gobe Mohammed, jibi Muhammadu. Gidan haya da 'yan uwa suka yi ta gadar wa juna kan tara mutum biyu ko uku masu suna iri ɗaya. Idan na wani ne aka liƙa maka, kada ka biya ko sisi. Ka shigar da ƙorafi wajen kamfanin rahoton da hujjar ranar haihuwa da wuraren zamanka, suna da kwana 28 su ba ka amsa.

3. Dubi ranar hukuncin, ita ce ke zaɓa maka hanya

Idan hukuncin bai cika wata ɗaya ba, kana cikin sa'a, kuma ba ka da lokacin ɓatawa. Wanda ya biya duka kuɗin cikin wata ɗaya daga ranar hukuncin, ana goge sunansa daga rajistar gaba ɗaya, tamkar ba a yi ba. Lissafin daga ranar da kotu ta yanke yake farawa, ba daga ranar da wasiƙar ta iso hannunka ba. Kuma sai kuɗin sun shiga hannun mai bin bashin kafin wa'adin ya cika, don haka ceki da aka saka a akwatin gidan waya ranar ƙarshe bai cece ka ba. A wannan hali na ga dacewar mutum ya taɓa kuɗin gidan da ya tara, ko ya nemi rance wajen ɗan uwa, ya biya a yau. Fam 400 da aka biya a kan lokaci sun fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan shekara 6 na ƙarin kuɗin ruwa.

Idan wata ya wuce, biya ba zai goge hukuncin ba. Za a rubuta kalmar "satisfied" a gabansa, alamar an biya, ya ci gaba da zama har shekara 6 su cika daga ranar da aka yanke shi. Hanya ɗaya ce ke cire shi kafin nan, wato kotu ta jingine hukuncin, kuma wannan sai da dalili.

Idan kuwa hukuncin ya kusa cika shekara 6, misali saura wata uku ko huɗu, to ka jinkirta neman bashin gidan har ya faɗi da kansa. Biyan da za ka yi yanzu ba ya sabunta lissafin shekarun, wannan tsoro ne da mutane ke yaɗawa ba gaira ba dalili. Sai dai faɗuwarsa daga rajista ba ta nufin bashin ya mutu. Mai bin ka na iya neman izinin kotu ya ci gaba da bi, kuma haƙƙin mutane yana nan a wuyanka ko rajista ta manta. Ni shawarata ka biya.

4. Idan an yi hukuncin a bayan idonka: neman a jingine shi

Nan ne ya kamata a tsaya a yi tunani sosai, domin nan ne ake samun babbar riba, nan ne kuma ake asarar kuɗi a banza.

Yadda abin ke faruwa shi ne, mai ƙara ya aika takardun kotu zuwa adireshin da ya sani. Kana da kwana 14 ka amsa. Ba ka amsa ba domin ka tashi daga gidan, ko kana gida Najeriya ko Nijar hutu, sai a yanke hukunci ba tare da an zauna ba. Tarar fakin ta kamfanoni masu zaman kansu na kan gaba wajen jawo wannan: mutum ya sauya gida, ya gyara adireshin lasisin tuƙinsa, ya manta da takardar motar ta V5C, alhali adireshin da ke jikinta ne DVLA, hukumar rajistar motoci, ke ba kamfanin. Sai kuɗin waya, na wuta da gas na tsohon gida, da na wurin motsa jiki da aka daina zuwa ba a soke ba.

Kotu na jingine hukunci bisa dalilai iri biyu. Akwai wanda dole ne ta jingine, kamar idan ba a isar maka da takardun bisa ƙa'ida ba, ko ka riga ka biya kuɗin duka kafin a yanke. Ƙa'idar kotu ta ce idan mai ƙara na da dalilin zaton ka bar wannan adireshi, wajibi ne ya yi ƙoƙarin gano inda ka koma. Idan kana da imel da ka taɓa sanar da su sabon adireshinka, ko shaida cewa suna da shi, to ka riƙe ta da kyau. Akwai kuma wanda alƙali ke duba ya ga dama: idan kana da ƙwaƙƙwarar kariya da za ta iya yin nasara, ko wani dalili mai kyau. A wannan na biyun alƙali zai tambaya yaushe ka sani, me ka yi bayan ka sani. Wanda ya gano yau ya motsa cikin mako biyu yana da bakin magana. Wanda ya gano bara ya yi shiru har sai da ya ga gida, zai sha wuyar gamsar da kowa. "Ina so in sayi gida" shi kaɗai ba dalili ba ne a wajen kotu.

Kafin ka shigar da komai, rubuta wa mai ƙarar ko lauyoyinsa. Ka bayyana cewa takardun ba su same ka ba, ka haɗa hujja, ka tambaya ko za su amince a jingine hukuncin bisa yarjejeniya. Da yawa sukan yarda, musamman idan za ka biya asalin kuɗin. Yarjejeniyar da ɓangarori biyu suka sa wa hannu ta fi arha wajen kuɗin kotu, bai kai rabin na ɗayar hanyar ba, kuma sau da yawa ba a buƙatar zama. Amma fa har yanzu alƙali ne zai amince ko ya ƙi, saboda haka dalilin ya fito fili a cikin takardar.

Hattara: idan da yarjejeniya za ka biya, a sa hannu a kanta kafin kuɗi su fita daga asusunka. Wanda ya riga ya karɓi kuɗinsa ba shi da abin da zai sa ya amsa wasiƙarka.

Idan sun ƙi, ko sun yi shiru, sai ka cika fom N244. Kuɗinsa ya haura fam 300. Mai ƙaramin ƙarfi na iya neman sassauci ta fom EX160 ko ta intanet, amma ka sani ana duba ajiyar mutum, kuma wanda ya tara kuɗin gida da wuya ya cancanta. Tare da fom ɗin ka haɗa bayanin shaida da ka rubuta da lambobi, ranaku a jere: ranar da ka bar tsohon gida, ranar da ka gano hukuncin, abin da ka yi washegari. Ka jingina takardar hayar sabon gida, takardun harajin kansila, bayanan banki masu ɗauke da sabon adireshi, da hoton shafin fasfo mai hatimin shiga da fita idan tafiya ka yi. Ka haɗa da daftarin kariyarka, wato dalilin da ya sa kake ganin ba a bin ka kuɗin ko ba su kai haka ba. Idan an riga an turo masu kwasar kaya, ka nemi a dakatar da su a cikin wannan fom ɗin.

Za a tura ƙarar kotun da ke kusa da kai, a sa rana. Wannan kan ɗauki watanni. Ka je da kanka, da kwafi uku na komai. Rashin zuwa na nufin faɗuwa, kuma wanda ya faɗi ana iya ɗora masa kuɗin ɗawainiyar ɗaya ɓangaren.

Jingine hukunci ba ya kashe ƙarar. Yana mayar da ita farko ne, mai ƙara na iya ci gaba. To amma ko da an sake zama ka faɗi, sabon hukunci ne da sabuwar rana, kuma kana da wata guda ka biya a goge. Don haka ka ajiye kuɗin a gefe tun yanzu, kada ranar ta zo hannunka wayam.

Kafin ka kashe fam 300, kira National Debtline, ko StepChange, ko ka je Citizens Advice. Shawararsu kyauta ce, kuma za su faɗa maka gaskiya idan hujjarka ba ta da ƙarfi. Kamfanonin da ke talla cewa za su goge maka CCJ idan ka biya su ba su da wata ƙofa ta baya. Fom ɗin nan dai za su cika, wasu ma su sa ka rubuta abin da bai faru ba, alhali kai ne za ka sa hannu cewa gaskiya ne.

5. Biyan kuɗin

Idan bashin naka ne, takardun sun same ka, ba ka da abin cewa, to sai biya. Ba kotu ake kai wa kuɗin ba, mai bin bashin ake ba, ko lauyoyin da aka rubuta a takardar hukuncin. Idan maganar ta riga ta kai hannun jami'an karɓar bashi na kotu, sai ka bi abin da takardarsu ta ce.

Fara da neman adadin da ya rage a rubuce. Kada ka dogara da lambar da ke rajista. Mai yiwuwa an ƙara kuɗin aiwatar da hukunci, kuma wasu hukunce-hukuncen na fam 5,000 zuwa sama suna tara ruwa na kashi 8 cikin ɗari a shekara. Idan fam 20 suka rage ba ka sani ba, hukuncin na nan a matsayin wanda ba a biya ba. Tsohon bashi kuma sau da yawa an sayar da shi ga wani kamfani, sai ka tabbatar wane ne mai shi a yau. Lambar waya ka ɗauko ta daga takardar kotu ko shafin kamfanin na ainihi, kada ka yi amfani da wadda ta zo a saƙon tes.

Ka biya ta banki ko da kati, ka sa lambar ƙarar a wurin bayani. Kada ka aika tsabar kuɗi. Ka ajiye rasit, ka ɗauki hoton shafin, ka nemi wasiƙa da ke cewa an biya duka, ɗauke da lambar ƙarar da ranar biya.

Idan kuɗin sun fi ƙarfinka, akwai hanya biyu. Kana iya yin tayin biyan wani kaso a dunƙule a yafe saura. Kamfanonin da suka sayi bashi sukan saurari irin wannan. Sharaɗin shi ne su rubuta maka, kafin ka biya, cewa wannan ya rufe maganar baki ɗaya, ba za su bi saura ba, ba za su sayar wa wani ba, kuma za su sanar da kotu an biya. Ka sani a rahotonka asusun na iya nuna cewa wani ɓangare aka biya, kuma wasu bankuna na lura da hakan. Idan bambancin ba shi da yawa, biyan duka ya fi tsafta. Hanya ta biyu ita ce fom N245, inda kake roƙon kotu ta ba ka damar biya kaɗan-kaɗan gwargwadon samunka. Kuɗin fom ɗin kaɗan ne. Sai dai muddin kana cikin biyan, hukuncin na nan a matsayin wanda ba a gama ba, don haka ka ɗauka maganar gida ta ɗan ja baya.

Hattara: kada ka ci bashin gaggawa mai tsadar ruwa don ka biya CCJ. Bankunan gida na ƙyamar ganin irin wannan bashi a bayanan asusu ƙwarai. Kuma kada ka yi watsi da hukuncin da sunan sai ka sayi gidan tukuna. Mai bin ka na iya sa a riƙa cira daga albashinka, ko a riƙe kuɗin da ke asusunka na banki, wato kuɗin gidan da kake tarawa. Idan ma ka samu gidan, yana iya neman kotu ta ɗora bashin a kansa.

6. Sa a gyara rajista, ka karɓi takardar shaida

Mutane da yawa na tsayawa a mataki na biyar, su ɗauka an gama. Ya kamata mai bin bashin ya sanar da kotu, amma ba kullum yake yi ba. Kai ne mai buƙata, kai za ka bi.

Rubuta wa kotun da ke riƙe da ƙarar, ka haɗa shaidar biya. Sannan ka nemi takardar shaida ta fom N443, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Wanda ya biya cikin wata ɗaya zai samu takardar sokewa, wanda ya biya daga baya zai samu ta shaidar an biya. Idan mai bin bashin ya ƙi ba ka wasiƙa, ka faɗi haka a fom ɗin, ka haɗa bayanin bankinka. Kotu za ta rubuta masa, idan bai amsa cikin kwana 30 ba za ta yi aiki da hujjarka.

Daga kotu labari zai je Registry Trust, daga nan ya isa kamfanonin rahoto uku. Ka ba shi makonni, sannan ka sake buɗe rahotannin uku ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai gyara ba, ka tura masa kwafin takardar shaidar. Ka duba har da asusun da ya haifar da ƙarar, ya nuna babu saura.

Doka ta ba ka damar liƙa ɗan bayani a rahotonka, wanda bai wuce kalma 200 ba, kana faɗin abin da ya faru. Yana da amfani idan dalilin na gaske ne kuma gajere, kamar rashin lafiya ko rasa aiki. Illarsa ita ce yana sa buƙatarka ta bar hannun kwamfuta ta koma hannun mutum, abin da ke jawo jinkiri. Ga mai CCJ wannan ba lallai ya zama asara ba, tunda kwamfuta ce ta fi saurin cewa a'a.

7. Gyara sauran rahoton kafin ka koma

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ba kanka aƙalla wata shida kana biyan komai a kan lokaci, ta hanyar cira kai tsaye daga asusu. Ka rage abin da ke kan katin bashi. Ka sa adireshinka ya zama iri ɗaya a banki, wurin aiki, lasisi da V5C. Ka yi rajistar zaɓe a inda kake zaune, domin da ita bankuna ke tabbatar da mazauninka. 'Yan Najeriya, Ghana da Kamaru masu izinin zama suna da wannan dama a matsayinsu na 'yan ƙasashen Commonwealth. 'Yan Nijar, Chadi da Sudan da ba su karɓi takardar zama ɗan ƙasa ba ba su da ita a Ingila, sai su tura wa kamfanonin rahoto wata shaidar adireshi.

Idan kuna da asusun haɗin gwiwa da maiɗakinka, rahotanninku a ɗaure suke, CCJ ɗin ɗaya na iya shafar ɗayan. Ku zauna ku buɗe na kowa tare tun kafin dillali ya buɗe muku. Idan kuma tsohon abokin zama ne ko auren da ya rabu, kuma babu sauran asusu tsakaninku, ka nemi a raba sunayen.

Kuɗin kafin alƙalami ma sai an san asalinsu. Lauya da banki za su tambaya, doka ce ta tilasta musu. Idan adashe ka ɗauka, ko an sayar maka da fili a gida an turo kuɗin, ko wani ya ba ka kyauta, ka tanadi takardun tun yanzu: jerin zubi ta banki, takardar ciniki, shaidar canji da turawa, wasiƙar mai kyauta.

8. Koma wa masu ba da bashi ta hannun dillali

Kada ka sake shiga banki kai tsaye. Nemi dillalin bashin gida mai duba kasuwa gaba ɗaya, wanda ya saba da masu tabo a rahoto. Ka duba sunansa a rajistar FCA, hukumar da ke sa ido a kan harkokin kuɗi, ka tambayi kuɗin aikinsa da lokacin biyansa, a rubuce. Ranar farko ka ajiye masa rahotannin uku da takardar shaidar kotu a gabansa.

Abin da masu ba da bashi ke dubawa bai wuce huɗu ba: shekarun hukuncin, girmansa, ko an biya da kuma yaushe, da ko shi kaɗai ne. Kowane banki da nasa ma'auni, kuma yana sauyawa. A dunƙule dai, ƙaramin hukunci da ya haura shekara 3 kuma aka biya tuni ba ya hana da yawa daga cikinsu, har wasu na kau da kai daga ƙananan na fakin ko na waya. Babba, sabo, wanda ba a biya ba, shi ne ke rufe manyan bankuna, ya bar ka da kamfanoni na musamman masu neman kafin alƙalami mai kauri da ruwa mai tsada. A gidan fam 200,000, kashi 10 cikin ɗari fam 20,000 ne. Idan aka ce sai kashi 15, ya zama 30,000. Idan aka ce 25, ya zama 50,000. Ka sa dillali ya lissafa maka abin da za ka biya duk wata idan ka karɓa yanzu, da kuma idan ka jira shekara guda. Sau da yawa jiran ne ke da riba, sai dai idan hayar da kake biya ta cinye bambancin.

Masu gudun riba da ke son tsarin sayen gida na Musulunci, irin wanda Gatehouse Bank da StrideUp ke yi, su ma kada su ɗauka wannan bai shafe su ba. Ana duba rahoton nan dai, kuma masu wannan tsari ba su da yawa, don haka idan ɗaya ya ƙi ka zaɓinka ya ragu sosai. Ka tambayi sharaɗinsu a kan CCJ ta waya kafin ka cika komai.

Lokacin karɓar amincewar farko, ka tambaya ko binciken mai barin sawu ne ko mara sawu, ka zaɓi mara sawu. Wajen cika fom kuma ka karanta tambayar da kyau. Wani na tambayar shekara 3, wani 6, wani kuma ko ka taɓa samun CCJ a rayuwarka. Ka amsa daidai abin da aka tambaya. Ƙarya a fom ɗin bashin gida zamba ce a ƙarƙashin dokar 2006, kuma ana iya saka sunanka a kundin Cifas, inda bankuna ke duba waɗanda aka samu da zamba, har shekara 6, abin da kan hana mutum ko buɗe asusun banki cikin sauƙi.

Hattara: bayan an ba ka tayin bashi a rubuce, banki na iya sake duba rahotonka daf da ranar miƙa makulli. Tsakanin nan da can kada ka ɗauki mota bashi, kada ka sayi kujeru da firji da tsarin biya daga baya, kada ka bari ko kuɗin waya ya makara. Ranar da za ka tashi daga gidan haya kuma, ka biya Royal Mail su riƙa juyo maka da wasiƙunka zuwa sabon gida na tsawon shekara guda, ka ɗauki hoton mitar wuta da ta gas, ka rufe kowane asusu da adadin ƙarshe a rubuce, sannan ka gyara V5C a makon.